Kawu Sale da agwagwar Nansha

Jiya muna tsaye bakin fadamar Nansha da ke ƙasar Chana, sai na ga Kawu Sale ya ɗebi ƙasa ya sake ta, yana duba inda iska ta nufa. Tsohon maharbi ne. Tun da aka killace dajin garinmu ya rataye bindiga yake fushi.

Direbanmu ɗan Chana ya kaɗa hannu: "Meyo, meyo!" Wato "babu" da yarensu, nan ma an hana farauta.

Wata agwagwa ta matso har gaban takalminsa. Na ce, "Kawu, hannu na ƙaiƙayi ko?"

Ya daɗe yana kallonta. "Ɗana, shekara arba'in ina bin su, ban taɓa ganin idon mai rai ba sai yau."

Har masauki murmushi yake. 'Ya'yan maharba, naku tsofaffin sun huce kuwa?