Ranar da Inna ta ƙi dangwala yatsa

Shekarun baya, can zamanin da soja ke riƙe da ƙasa kowa ya koma "kamarad", wato abokin gwagwarmaya, har da limaminmu, an taɓa zaɓe na sakataren majalisar ƙauyenmu. Ƙauyen yana bakin kogi ta wajen Garu, tafiyar keke ce zuwa Malanbil. Kada ku ɗauka wata basira aka gani gare ni. Ni kaɗai na kai aji shida a lakwal, wato makarantar boko, ni kaɗai ke iya rubuta takardar da za a karanta a biro, ofishin hukuma, ba a yi dariya ba.

Zaɓen lokacin babu akwati babu ƙuri'a. Mai shela zai zaga gari da ganga, a taru gindin tsamiya bayan la'asar, mai neman kujera ya tsaya, duk mai son sa ya bi sahu a bayansa, a ƙirga kawuna. Haka aka zaɓe ni, haka aka zaɓi abokina wakilin samari, mahaifiyata kuma wakiliyar mata. Haka nan aka zaɓi wani dattijon Bafillace da duk muke kira Baffa, wakilin makiyaya. Babban aikinsa shi ne da rani ya faɗi ranar da shanu za su gangara fadama, bayan masu garka sun gama cire albasa.

Wata safiya ina ba kekena iska, sai ga Baffa da sandarsa. Ya ce, "Sakatare, tabkin tudu ya ƙafe, maruƙa sun fara faɗuwa. Nan da kwana uku za mu sauko. Ka sa a yi shela, mai sauran albasa shi cire ko shi yi shinge." Na ce, "An gama, Baffa, sha kuruminka." Ni kuwa Malanbil za ni, karɓo wani wando mai faɗin ƙafa wurin tela, irin wanda ke share ƙasa in kana tafiya. Na karɓo wando, na zaga kasuwa da shi sau biyu don a gani. Saƙon Baffa kuwa, wallahi ko kwanar gari ban kai da shi ba.

Kwana uku shanu suka sauko. Garkar da ta fi shan kashi ta mahaifiyata ce, don ita ta yi dashe a makare. Suka tattake fangali bayan fangali, aikin wata huɗu ya koma laka. Na iske ta tsaye hannu bisa kai, tana faɗar maganganu a kan Baffa da shanunsa waɗanda ba zan maimaita nan ba. A nan take saƙon ya faɗo mini a rai. Na sulale na bar garkar da asirina a ciki.

Abokina mutum ne mai zafin kai, juyin juya halin sojan nan ya shige shi sosai. Ya zo da shawara: ranar Alhamis Baffa na tafiya kasuwar shanu ta Gene. Mu rubuta takarda, mu bi gida gida a dangwala yatsa, mu kai Malanbil, kafin ya dawo an sauke shi. Ban taɓa yarda da shawara da sauri irin na ranar ba. In dai Baffa bai buɗe baki gaban jama'a ba, asirina a rufe yake. Na zauna na tsara takarda da Faransanci mai kauri, har ni kaina ta burge ni.

Muka yi ta yawo da tawada. Mutane na cikin fushi, yatsu suka cika shafi. Mahaifiyata muka bari ƙarshe, don ita ba ma shakkarta. Muka same ta a tsakar gida tana tsince albasar da ta tsira. Na miƙa mata takarda.

Ta ce, "Mi aka rubuta?"

Na ce, "Sauke Baffa za a yi, Inna."

"To madalla. Ina shi Baffan?"

Abokina ya ce, "Ya tafi Gene, Inna. Shi ya sa ma muke sauri."

Ta aje albasar hannunta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Ran da munka ɗora shi, takarda munka dangwala? Gaban idon kowa na tsaya bayanshi, rana na dukana. In zan sauke shi, gaban idonshi zan tsaya, shi gan ni, in ji abin da za shi ce. Ku kwashe tawadarku, kak ku ɓata min yatsa."

Na ce, "Haba Inna, garkarki fa ya kashe!"

Ta ce, "Na sani, ni na dasa ta. Don haka nika son in ji daga bakinshi."

Ba ta tsaya nan ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin delege, shugaban majalisar, ta sa aka yi shela: nan da kwana bakwai, gindin tsamiya, kuma a aika ruga a gaya wa Baffa abin da ake tuhumarsa da shi don ya zo da shirinsa. Kwana bakwan nan tuwo bai yi mini daɗi ba. Mahaifiyata har jiƙo ta haɗa mini, wai ko ciwon shawara ne ya kama ni.

Ranar ta zo, gari ya taru, mutanen ruga ma suka zo suka tsaya gefe. Aka faɗi laifi, aka ba Baffa magana. Ya miƙe a hankali ya ce tabki ya ƙafe, ya ba da saƙo a yi shela, amma laifinsa ne da bai bi sawu ya ji ko an yi ba. Ya roƙi masu garka gafara, ya koma ya zauna.

Mahaifiyata ta ce, "Baffa, wa ka ba saƙon?"

Ya sunkuyar da kai yana zana ƙasa da sanda. Ta sake tambaya. Ya ce, "Uwar Sakatare, a bar wagga magana. Na ce laifina ne."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba, cikin wandon nan mai share ƙasa. Na ce, "Ni ya ba." Muryata ko ta ɗan akuya ta fi ta ƙarfi. Wuri ya kaure. Waɗanda suka dangwala mini yatsa su suka fi kowa ihu, wai a sauke ni yanzu-yanzu, a karɓe littafin majalisa da alƙalami. Abokina ya zare ido kamar bai taɓa gani na ba.

Sai Baffa ya ɗaga sanda. Ya ce, "A'a. Ni an ba ni kwana bakwai, an yi min shela. Shi ma a ba shi nashi. Yau ranata ce, ba tashi ba." Aka yi sahu a kan ko Baffa zai ci gaba da wakilci. Mahaifiyata ce ta fara zuwa ta tsaya bayansa, ko kallona ba ta yi ba. Ni na ƙirga kawunan, Baffa ya tsira da kujerarsa.

Bayan kwana bakwai aka yi tawa. Aka ba ni magana, na faɗi komai, har zancen wando, mutane suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Amma dariya ba ta hana su ba. Sahun masu cewa a sauke ni ya kai bakin rijiya, kuma kun san wadda ke gaba. Bayana mutum uku ne: wata gwaggota da ba ta ji sosai, abokina da kunya ta jawo, sai Baffa. Aka sauke ni, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya karɓi littafi. Da muka koma gida mahaifiyata ta zuba mini tuwo da miyar kifi, ta ƙara mini babban yanki.

Na yi zaman majalisu da yawa bayan nan, na ƙungiyar masu albasa, na masallaci, na unguwa. Duk ran da aka kawo mini takarda a ce in sa hannu a cire wani, ba na tambayar me ya yi. Nakan ce, "Ina shi?" An sha ce mini mai jan magana, ban damu ba. Na taɓa zama mai son a yanke hukunci mutum ba ya nan, kuma na san dalilina na ranar.

Inna da Baffa duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Takardar nan mai yatsu tana nan cikin akwatina, tawadar ta koɗe. In kewar Inna ta taso mini nakan ɗauko ta in duba can ƙasa, inda na ja layi na bar mata wuri. Har yau wurin fari ne.