Ranar da Muka Bi Baba Agadas ta Sama

Ranar wata Talata ce cikin kaka, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Muna tsakar gidanmu a Matamaye, ni da Inna muna ɓarar gyaɗa, ƙannena suna rigima a kan raken da aka kawo mana daga Dungu, sai ga Kawu Sani, ƙanen Baba, ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba. Ya ce babbar motar da Baba yake tuƙawa ta kife kusa da Agadas, yana kwance a asibiti, kuma wanda ya bugo wayar ya ce Baba na ta ambaton Rabi, wato ni. Daga nan waya ta katse, aka yi ta nema ba ta shiga. Inna ta miƙe zumbur, gyaɗa ta watse, kaji suka yi caa a kai, ba wanda ya kore su.

Duk da ƙuruciyata na san abin da ake nufi idan mara lafiya ya fara neman 'ya'yansa. Kawu ya ce akwai ƙaramin jirgi da zai tashi daga Damagaram washegari, shi zai tsaya da gida, mu mu tafi. Inna, wadda ko Damagaram sau biyu ta taɓa zuwa, ta so ta ce mota, sai kakarmu ta katse ta: "Rai ba ya jiran mota."

Tun hantsi muke filin jirgi, har aka yi azahar bai iso ba. Dama ni ban iya zama wuri ɗaya ba, malaminmu yakan ce kamar an zuba min ƙaiƙayi a benci. Na je taga na dawo ya fi a ƙirga. A harabar lakwal, da mun ji ƙugin jirgi mukan watsar da carafke mu bi shi da gudu har katanga, amma da ya sauka a gabana sai na raina shi. Bai fi doguwar motar Yamai ba, da farfela ɗaya a kowane fiffike, matakalarsa ma a jikin ƙofa take. Muka sunkuya muka shiga, wata ma'aikaciya ta ɗaure mu da ɗamarar kujera, ta ba ni alawa ta ce in tsotsa saboda kunne.

Da farfelar ta fara juyawa, komai ya ɗauki rawa kamar ɗakin injin niƙa, har haƙorana. Da muka tashi sama, ta taga na ga gonaki sun koma faci-faci kamar tsohon zane, can kore ya ƙare, sai rairayi da baƙin dutse. Jirgin yakan yi ƙasa ba zato, wata mata a bayanmu ta yi ta amai cikin 'yar jakar takarda. Inna ta runtse ido tana jan carbi. Sau uku tana zungurata in tambaya da Faransanci saura nawa, sau uku ana ce min saura kaɗan. Abin da ya fi ci min rai, duk wannan ƙara, gani nake jirgin tsaye yake cak a sama. Ji nake da za a buɗe min ƙofa da na riga shi isa da ƙafa. Na yi ta ƙoƙarin tuno muryar Baba, ƙarar ta hana ni.

La'asar sakaliya muka shiga asibitin. Inna ta ja ta tsaya a bakin ɗaki, ni na leƙa. Ga Baba a jingine, ƙafa ɗaya ɗaure cikin farin filasta, suna shan shayi da mutumin gadon kusa. Ya dube mu baki buɗe, ya ce, "Ikon Allah. To wa kuka bar wa gyaɗar?" Da Inna ta gaya masa saƙon da ya iso mu, ya girgiza kai. "Cewa na yi a faɗa wa Rabi kada ta yi kuka, ƙafa ce kawai." Inna ta sulale ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na zuba, har majinyata suka taru suna kallo.

Bayan mako biyu muka dawo da shi a mota, yana dogara sanda. Bai sake tuƙi ba, ya kama lambu a Tsauni har ƙarshen ransa. Yanzu aiki yakan sa in hau irin wannan jirgin zuwa Yamai, kowa ya duƙufa a kan salularsa, ni ma wani lokaci barci nake kafin a tashi. Nakan sauka a kan lokaci, in ɗauki jakata in fita, ba wanda nake sauri in tarar. Ashe har fargaba akan yi kewarta, idan wanda ake yi dominsa ya tafi.