Tamostat a Tukunyar Bakanike

Bakaniken gajeren tsoho ne, gemunsa duk furfura, yana tsugune gaban risho a bakin gareji. Ba shayi yake dafawa ba. Tamostat ne a tukunyar, ɗan ƙarfen da ke tare ruwan inji har ya yi zafi, yana jira ya ga ko zai buɗe.

Mai motar tseren da aka ciro tamostat ɗin daga cikinta na tsaye a kansa yana kaɗa makulli. "Baba, cire shi gaba ɗaya kawai, kowa haka yake yi."

Tsohon ya ɗago. "Jeka wajen kowan! Inji ya yi ta gudu da sanyi har ya cinye kansa, sannan ka ce ni na kashe maka mota?"

Da gani an taɓa ɗora masa wannan laifin. Idonsa ya koma kan tukunya.