Ranar da Inna ta Juya Ƙwayar Teku

Ranar Laraba ce cikin watan Nuwamba, ƙarfe sha ɗaya na safe, a wani ɗan ma'amal, wato ɗakin gwajin jini, da ke bayan kasuwar Gadarif a Sudan. Mu uku ne: ni, da mahaifiyata, da mai wurin, wani dattijo abokin marigayi babanmu, wanda ya ara mini madubin likitansa na awa ɗaya.

A lokacin ina ƙarasa digiri na biyu kan wasu halittun Bahar Maliya da ido ba ya gani. A littafi sunansu dinoflagellata. Kowacce ƙwaya ɗaya ce tal, da tsagi a ƙugu kamar ɗamara, da bulala biyu da take iyo da su. Jikin waɗanda nake nazari ɓawo ne mai faci-faci, kamar ƙwaryar da ta fashe aka ɗinke, kuma siffar facin na cikin abubuwan da ake raba iri da iri da su.

Da yaƙi ya ɗaiɗaita karatu, na dawo gida da kwalaben ruwan da na ɗebo a Bur Sudan, malamina kuma ya yi hijira, sai ta waya muke magana. Mun saɓa kan wata ƙwaya mai ƙaho ɗaya a sama, biyu a ƙasa. Shi ya ce irin da aka saba gani ce, mai faci mai gefe huɗu a ciki. Ni kuwa na taɓa hango gefe shida. Ya ce in ban aiko da hoto kafin Juma'a ba, zai cire babin da na rubuta a kanta, alhali babin shi ne ƙashin bayan aikina.

Matsalar ita ce ƙwayar ruf da ciki take kwanciya. Uku na samu a kwalbar ƙarshe. Biyu na murƙushe su da kaina, ina danna gilashin da ke rufe ɗigon ruwan da bakin allura don su mirgina. Saura ɗaya.

Inna riɗi ta kawo kasuwa daga gonarmu ta Ƙala'at an-Nahal, ta biyo ni don ta ga, in ji ta, abin da ya hana ni zama shekara da shekaru. Ta kanga ido a madubin, ta daɗe.

"Wannan ɗan tulun mai ƙafa biyu? Shi ne ya ramar da ke haka?"

"Shi ne, Inna. Cikinsa nake son gani, ya ƙi juyowa."

Dattijon ya yi dariya. "Ya Hajja, Doktora ta kashe biyu tun safe. Ni dai ba zan bari ta ɗebi jinina ba."

Na ɗauki allurar zan danna gilashin. Inna ta riƙe mini wuyan hannu.

"Dannawa kike yi? Wa ya gaya miki ana danna riɗi? In kina bakace, gefen faifai kike bugawa, ƙwayar ta juya da kanta. Sa idonki, ki bar mini hannu."

Na so in hana ta. Ba ta taɓa taɓa gilashin gwaji ba. Amma na san yatsun nan: tun ina yarinya nake ganin suna fitar da tsakuwa daga mudun riɗi ba tare da ƙwaya ɗaya ta zube ba. Na ajiye allurar, na sa ido.

Ta ɗora farcen ɗan yatsanta a gefen gilashin ƙasa, ba na sama ba, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ruwan ya girgiza, ƙwayar ta matsa, ba ta juya ba.

"Ta motsa?"

"Kaɗan."

"Ta wane gefe?"

"Hagu."

Ta koma ɗaya gefen, ta buga sau biyu a jere, na biyun ya fi na farko sauƙi. Sai ƙwayar ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta tsaya a kaikaice, ta kwanta rigingine.

Na daidaita madubin a hankali har layukan ɗinkin suka fito. Na ƙirga gefen facin a fili: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Dattijon ya daina juya shayinsa. Biyar. Shida.

"Shida ne, Inna! Shida!"

"To, halas, shi ke nan. Ɗauki hoton kafin ya sake kifewa."

Na ɗora wayata a bakin madubin, na ɗauki hotuna har sai da na sami wanda layukan suka fito tar. Dattijon ya leƙa ya ƙirga da kansa, sannan ya miƙe ya ba Inna kujerarsa, ya ce daga yau ita ce Doktora, ni 'yar rakiya ce. Inna ta ce ba ta da lokacin zama, buhunta na jiranta a rumfar mai awo.

Na aika hoton kafin azahar. Washegari malamina ya gyara sunan ƙwayar a cikin aikina, babin kuma ya zauna yadda na rubuta shi.