Gadar da ta Kwana a Daji

Faɗana da Sulle, maharbin ƙauyen Fulatan, a kan naman gada ne. Shekara talatin yana yawo da bindigarsa adaka, amma bai taɓa koyon jiran dabba ta juyo masa kafaɗa ba. Da ya ga motsi sai ya sakar mata wuta a ciki ko a cinya, ta gudu da jini, ya dawo hannu rabbana.

Wata Laraba na ji shi a bakin rijiya yana cewa gadar da ya harba ta ɓace masa cikin sabara. Washegari da hantsi sai ga shi da nama a buhu, wai in yi wa masu cin tuwona miya a kasuwar Rogo.

Na ce, "Ina wuyan? Nuna mini wurin yanka."

Ya ce, "Haba Inna, karnuka ne suka ja shi."

Ban ga mutuwarta da idona ba, amma jinin ya yi baƙi ya daskare, ni kuwa ba na ciyar da mutane mushe.

Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maganata ta ƙarshe da shi ita ce, "Sulle, ɗauke buhunka. Ran da ka iya harbi, kawo mini gada da wuyanta."