Yaya Sale da Takin da Ke Bin Ruwa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Salisu, wanda muke kira Yaya Sale. Duk lokacin da noman rani ya kankama a fadamar Miri sai ya faɗo mini a rai.

Mutum ne mai sakin hannu, kuma haka yake yi wa lambunsa. In ya watsa takin yuriya a fangalan albasa, sai ya tada inji ya bar ruwa ya cika su har ya tumbatsa, wai kada shuka ta ce an yi mata rowa. Amma shekara biyu a jere ganyen na yin ɗorawa, albasar na fitowa ƙanana. Ya ƙara taki, ba ta canza zane ba. Matarsa ta fara ba shi baki ya koma ɗinki a Wunti, shi kuwa ransa na lambu.

A gangarensa akwai lambun Malam Bitrus, tsohon soja da ya bar barikin Shadawanka ya kama noma. Wata rana da hantsi ya hauro da damin alayyafo kore shar, ya dire a gaban Yaya.

"Malam Sale, godiya na kawo. Bana ko mudu ɗaya na taki ban saya ba. Naka ne ke gangaro mini a ruwa."

Yaya ya bi magudanar da kallo, ya ga ciyawar bakinta ta fi albasarsa ƙoshi. Sai ya zauna a kan kunya yana dariya har hularsa ta faɗi. "Ashe lambu biyu nake ciyarwa!"

Washegari ya nemo malamin gona, wanda ya ce masa yuriya narkewa take kamar gishiri, kuma ruwan da ya wuce saiwa da ita yake tafiya. Daga nan ya riƙa raba takin kashi-kashi, yana binnewa a gindin shuka, ruwa kuma daidai jiƙa ƙasa. A shekarar albasa ta yi kai. Ya aika wa Malam Bitrus buhu guda, da rabin buhun taki, ya ce a gaya masa, "Tunda na toshe maka hanyar taki."

Yanzu 'yarsa Hauwa ke riƙe da lambun. Injinta da hasken rana yake aiki, siraran tiyo na ɗiga ruwa a gindin kowace shuka. Nakan tambayi kaina me zai ce in ya gani. Na san zai fara da tsiya: "Hauwa, ban ruwa ne wannan ko maganin ido?" Sannan ya durƙusa ya cusa yatsa a ƙasa, ya ji danshi, ya ce ta koya masa.

Gine-gine na ta matsowa fadamar, ban san ko lambun zai kai ga jikokinsa ba. Amma ya bar gidan da ba a jin kunyar cewa "ban sani ba, nuna mini." Allah Ya kai haske kabarinka, Yaya.