Ranar da Sufeto Ya Ji Bakinsa

Har yau ban manta da ranar da sufeto ya zo duba kwamfutocin hannu da aka ba makarantarmu ta Mabera ba. Ina koyar da Hausa a aji biyu na babbar sakandare. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, aron kayan aka ba mu. Sufeto ke rubuta rahoto, rahoton ke yanke ko su zauna ko a kai su wata makaranta.

Zango guda muka yi muna amfani da su yadda muka iya, wato yara su ɗauki hoton allo maimakon su kwafa. Jahilcin kwafa da ke ɗaukar awa ya koma ɗaukar minti.

Matsalata tsohuwa ce. Ɗan Sakkwato yana rubuta "hwari" da "tahi", jarrabawa kuma "fari" da "tafi" take so. Jan biro bai taɓa warkar da kowa ba. Sai na ce su naɗo muryoyin mutanen gidansu, mu saurara a aji, muna rage saurin maganar. Da kansu suka gano cewa "f" ta littafi takan zama "hw" kafin "a", ta zama "h" kafin "i".

Shugaban makaranta bai so ba. "Malam Bello, wanga abu ba shi cikin manhaja," in ji shi. Ya umarce ni, idan sufeto ya zo, in nuna masa saurin ɗaukar hoto kawai.

Sufeton Bakano ne. Ya kalli ɗaukar hoton, ya ce wayar direbansa ma tana yin haka. Ya fara rufe jaka. Ganin kayan sun kama hanyar barinmu, na roƙe shi ya ce "tafiya" a naɗa. Ya faɗa, yana duban agogo.

Shugabar aji, Asma'u, ta rage saurin, muka saurara. Ta ce, "Ranka shi daɗe, kai ma ba 'f' ta littahi kac ce ba. 'Tapiya' kac ce."

Shugaba ya dubi silin. Sufeto ya sa aka maimaita, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya tambayi wa ya koya musu wannan. Na ce kakanninsu, da maɓallin rage sauri.

Kayan sun zauna. Darasin da na ɗauka shi ne, na'urar da ta hanzarta kwafa ba ta ƙara mana komai ba. Ranar da muka rage mata sauri aka fara karatu.